Alhaji Diori a Zauren Babana

Mu mutanen Dogo-Dogo, a shekarun farko na mulkin kai, shugabanni biyu ne a kunnenmu. Lanho dai, wato haraji, Yamai muke biya, amma kasuwarmu Maigatari ce ranar Alhamis, malamanmu kuma Kano suke tafiya neman ilmi. Yamai tana can kusan kilomita dubu daga gare mu, Kano kuwa ba ta kai ɗari biyu ba. A lokacin duk ƙasarmu ƙarƙashin Magarya take, sai a 2011 ne Dungas ta samu gundumarta. Rediyo guda ce a unguwarmu, ta kawuna, ƙanen Inna, kuma dare ɗaya takan kamo mana Kaduna da Yamai. Saboda haka duk abin da Diori Hamani ya yi, da na Sardauna Ahmadu Bello ake auna shi.

Awon kuwa bai yi wa Diori daɗi ba. Sardauna jinin Shehu Usmanu ne, ga rawani, ga zuwa Makka a kai a kai, ga Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, ga rangadin musuluntar da mutane da rediyo ke ba da labarinsa. Diori kuwa Bazabarme ne daga Sudure, kusa da Yamai, an haife shi a 1916, ya yi lakwal tun daga tushe har makarantar William Ponty ta Senegal. Ya yi aikin mushe, har ya je Paris ya koyar da Hausa da Zabarmanci ga Faransawan da ake shirya wa aikin mulkinmu. Tsarin mulkin da aka rubuta a Nuwamban 1960 ya ce jamhuriya ba ta da addinin gwamnati. Wanda ya kawo wannan labari zauren Babana wani ɗan kasuwa ne, ya kuma faɗe shi yadda ya ji a tasha: wai an rubuta a takarda Nijar ba ƙasar Musulmi ba ce.

Babana malamin allo ne, yana da almajirai daga ɓangarorin iyaka biyu, yana kuma karantar da manya Ahalari da Ishmawi da Risala bayan la'asar. A ƙuri'ar 28 ga Satumban 1958, wadda Djibo Bakary ya ce a ce wa De Gaulle na Faransa a'a, zuciyar Baba tana wajen raƙumi, alamar Sawaba, jam'iyyar Djibo, kamar ta mutane da yawa a ƙasar Magarya da Matamaye. "I" ce ta ci, da kusan kashi 78 cikin ɗari, ba a daɗe ba Djibo ya sauka daga mulki, a 1959 kuma aka haramta Sawaba. Kawu shi na giwa ne, ɗan kwamitin RDA, jam'iyyar Diori, yana kuma sayen gyaɗa a kaka. Su biyun sun shekara talatin suna gardama a kan tabarma guda, ba su taɓa fasa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Wanda bai san Baba ba zai ɗauka shi ne zai fara kiran Diori kafiri. Samarin Sawaba ne ke faɗar haka, su da wasu gardawa: yaron Nasara, mai cin abinci da cokali, wa ya san ko yana alwala. Baba bai taɓa bari a ƙarasa irin wannan magana a gabansa ba. Yakan ce mutumin da ya yi shahada, yana fuskantar gabas, shi ba shi da hurumin fitar da shi daga Musulunci, ko da kuwa da bulala ya zo karɓar lanho. Ƙarar da Baba yake yi a kan Diori ta zalunci ce, kuma a wurinsa wannan tuhuma ba ƙarama ba ce. Kawu kuwa in an taɓo zalunci sai ya koma kan addini: "Malam, mutumin nan fa yana salla." Baba ya ce, "Kawun yara, ban ce ba ya yi ba. Ina tambayarka kuɗin gyaɗa kana ba ni labarin salla."

Ni na san yadda gwamnati marar addini take ne daga benci. An rubuta sunana cikin yaran da mai gari zai bayar, aka kai ni lakwal a Magarya, Inna tana kuka kamar an yi mutuwa. A can Lahadi ce ranar hutu, Juma'a kuwa muna aji. Babu Alƙur'ani a cikin darussa, babu kuma Linjila. Muna hutun Kirsimeti da na Ista, muna hutun salla biyu da Mauludi. Da asuba da kuma bayan isha'i ina karanta allona a gidan da aka ajiye ni, babu wanda ya hana. Mushenmu mutumin yamma ne, ana ganinsa gidan giya daren Asabar, amma watan azumi bakinsa a bushe yake shiga aji, ya kuma fi kowane lokaci saurin duka. Da irin waɗannan ma'aikata talakawa suke auna imanin gwamnati, tun da su ake gani.

Sai dai abin da ya fi shafar rayuwar mutum, gwamnatin ba ta taɓa shi ba. Dokar shari'a ta Maris 1962 ta bar aure da saki da gado da rikicin gona a hannun al'adar masu ƙara, alƙalin gwamnati kuma yana zama da mataimaka masana al'ada. A ƙasarmu al'adar nan fiƙihun Malikiyya ce, mataimakan kuma malamai ne. Na sha ganin an zo da jaki an ɗauki Baba zuwa rabon gado, ya zana ƙasa da yatsa, ya fitar da tumunin matar mamaci, ya ba namiji rabon mata biyu, takardar Yamai ba ta ce masa uffan ba. Madarasar Sayi, inda ake haɗa Larabci da Faransanci, tun 1957 take, gwamnatin Diori kuma ta ci gaba da riƙe ta.

A 1962 Diori ya sauke farali. Kawu ya zo da hoto daga Damagaram ya manna a bangon shagonsa, daga ranar kuma bai sake cewa Diori kawai ba, sai Alhaji Diori. Zauren Baba ya ɗauki zafi a makon nan. A ƙasarmu alhaji a lokacin mutum ne da ya sayar da shanunsa, ya yi sallama da iyali kamar ba zai dawo ba, ya bi ta Kano da Maiduguri da Fort-Lamy, ya ratsa Sudan yana noman auduga a hanya don ya samu guzuri, ya dawo bayan shekaru, in ya dawo. Malamin Baba ma a can hanya ya rasu. To ga wani ya hau jirgin sama ya je ya dawo kafin a gama sharar gona. Wani tsoho ya ce wannan hajjin gwamnati ne, da kuɗin lanhonmu aka yi shi, saboda haka kowa a zauren nan yana da kaso a ladan. Aka yi dariya har da Kawu. Baba ya ce jirgi ba ya ɓata hajji, in ya tsaya Arfa ya tsaya. Maganar kuɗin kuwa, wannan tambaya ce da za a yi masa a inda babu tafinta.

Na ga Diori da idona a wani rangadi da ya kawo ƙasar Damagaram. An jera mu ƴan lakwal a bakin hanya tun hantsi, kowa da ƴar tuta, rana tana dukanmu, dawakan sarakai suna tayar mana da ƙura. Mutum ne mai jiki, cikin farar babbar riga da hula, da tabarau. Abu biyu na kai gida. Na farko, ya yi Hausa da bakinsa, ba a tsaya jiran mai fassara ba. Na biyu, da malamai suka ɗaga hannu za a yi fatiha, ya ɗaga tare da su. Baba ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce, "Ya shafa?" Na ce ya shafa. Ya ce, "To," ya koma kan allon da yake dubawa.

Sai kakar 1964. Ƴan Sawaba da suka samu horon soja a Sin da Vietnam ta Arewa da Aljeriya suka fara shigowa da makamai ta iyakoki, daga cikinsu har da iyakarmu da Najeriya, inda suke da abokai cikin ƴan NEPU ta Malam Aminu Kano. Sun zaci talakawa za su tashi tare da su. Ba a tashi ba. Gwamnati ta sa ƙauyuka farautarsu da kwari da baka, a watan Oktoba kuma aka harbe huɗu daga cikinsu a bainar jama'a a Yamai. Bayan haka kame ya bi gari gari, wanda ya ji da wanda bai ji ba. Malami mai almajirai daga ƙetaren iyaka, wanda kuma aka san inda ya jefa ƙuri'arsa shekara shida da suka wuce, ba ya bukatar wani laifi. Wasu masu kaki suka zo zaurenmu, suka zazzage gafakokin Baba a ƙasa, suna neman takardun da babu su. Warƙoƙin Risala suka watse, wani ya taka da takalmi. Suka tafi da Baba da manyan almajiransa biyu. Kawu ne ya yi ta safa da marwa tsakanin Dogo-Dogo da Magarya, yana rantsuwa da katin jam'iyyarsa, har aka sako Baba. Ya dawo da ciwon baya da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Almajiran biyu da aka sake su suka tsallaka Gumel, ba su sake dawowa ba.

Wata shida bayan wannan aka yi Babbar Salla, 13 ga Afrilun 1965. Ina gida hutu. Mun sauko daga idi, an yanka, an feɗe, da yamma an jera raguna a jikin itace kewaye da wuta, yara muna jiran kayan ciki. Sai ga Kawu da rediyo a hannu, ko takalmi bai sa daidai ba. An jefa wa shugaba gurneti a filin idi a Yamai, yana cikin sahu. Bai same shi ba. Ya kashe wani ƙaramin yaro, ya raunata wasu. An kama wanda ya jefa, ɗan Sawaba ne, Amadou Diop.

Zauren ya cika kafin magariba. Wani saurayi, ɗan maƙwabcinmu, wanda aka ɗaure wansa a kamen bara, ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Kash, da ta same shi." Baba yana jingine da bango saboda bayansa. Ban taɓa ganin ya tashi da sauri haka ba. Ya ce, "Fita mini daga zaure. A sahu? Ranar layya? Mutum ya sa goshinsa a ƙasa ka jefe shi da wuta? Ko Fir'auna ne ya shigo sahu, sai ka bari a sallame." Saurayin ya ce, "Malam, su fa suka taka maka littafi." Baba ya ce, "Littafina suka taka, ba naka ba. Fita."

Kawu ya ga dama ta samu. Ya gyara zama ya ce ai dama an faɗa, Alhaji Diori ba a banza yake ba, manyan malamai suna tsaye a kansa, ƙarfe ba ya cinsa, Allah ne ya nuna wa duniya nasa. Cikin kwanakin da suka biyo baya wannan magana ta bi kasuwanni, kowa da irin layar da ya ce shugaba yana ɗaure da ita. Baba bai bar shi ya ji daɗinta ba ko na daren. Ya ce, "Kawun yara, yaron da ya mutu fa? Shi ba na Allah ba ne? Kwana ne na wani ya ƙare, na wani bai ƙare ba. Kada ka mayar mini da ajali takardar shaidar jam'iyya." Daga nan ya sa aka yi wa yaron addu'a, aka tashi salla. Naman daren nan ba wanda ya ci shi da daɗi.

Watan azumin da ya biyo, ranar 15 ga Janairun 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, suka tafi da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, shi ma aka tsinci gawarsa. Mata sun yi kuka a Dogo-Dogo kamar ba wata ƙasa ba ce. Daga nan aka daina auna Diori da kowa.

Shekarun da suka biyo ya yi ta tafiya da ƙafa biyu. Nijar tana cikin ƙasashen da suka hallara a taron shugabannin Musulmi na Rabat a 1969, bayan an sa wa masallacin Ƙudus wuta. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 20 ga Maris 1970, a Yamai aka kafa hukumar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Diori yana cikin iyayenta tare da Senghor da Bourguiba. A Nuwamban 1972 Sarki Faisal na Saudiyya ya zo Nijar, a farkon 1973 Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila, a taron Lahore na Fabrairun 1974 kuma aka amince a gina jami'ar Musulunci a Nijar, wadda daga baya aka buɗe a Sayi. A lokacin na zama mushe ni ma, muna ta musu a ɗakin malamai: masu cewa tsufa ne ya zo masa da tsoron Allah, da masu cewa kuɗin man fetur ne ya hango. Ni a ganina duka biyun suna iya zama cikin ƙirji ɗaya. Diori Musulmi ne irin ƴan bokon zamaninsa, wanda ya gaji addini a gida, bai zurfafa a littattafai ba, bai kuma taɓa jin cewa sai ya yar da shi kafin ya zauna teburi da De Gaulle ba. In addinin ya yi masa amfani a siyasa, yakan ɗauka ya yi amfani da shi, kamar yadda sarakunan da suka riga shi suka yi.

Mu dai a ƙasa ba wannan ne ya dame mu ba. Ruwa ya yi ta ja baya tun ƙarshen shekarun 1960, daminar 1973 kuma ta ƙarasa mu. Gyaɗar da aka gina Magarya da ita ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa da ragowar dabbobi, ana ba da saniya a kan tiya kaɗan ta hatsi, fatu suka cika Maigatari. Lanho kuwa bai fasa zuwa ba. Ana jin labarin hatsin taimako a rediyo, ana kuma ganin buhunansa a kasuwa. Almajiran Baba suka watse, don gidajen da ke ba su tuwo su ma ba su ɗora tukunya ba. A wannan shekara ce Baba ya yi ta maimaita labarin Sayyidina Umaru a shekarar yunwa ta Madina, yadda ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu. Ba ya ambaton sunan kowa in ya gama. Kawu yakan sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanal Seyni Kountché suka kifar da gwamnati. An kashe matar shugaba, Aisa, a daren. Maganar yunwa da hatsin taimako tana cikin dalilan da sojojin suka bayar. Ba zan ɓoye ba, an yi murna a ƙasarmu, fursunonin siyasa suka fito, masu gudun hijira suka fara dawowa. Diori kuwa aka kawo shi barikin soja na Damagaram, ya zauna a tsare har 1980, kafin a mayar da shi Yamai a ci gaba da tsare shi a gida. Ina koyarwa a Damagaram a waɗannan shekaru, nakan wuce ta gefen barikin a kan keke. Duk mulkinsa bai taɓa zama kusa da mu haka ba. Kawu ya zo gari da ƙullin goro da carbi mai kyau da wani alhaji ya kawo masa tsaraba, yana neman sojan da zai shigar masa da su. Duk wanda ya tara sai ya ja da baya. Ya kwana biyu a ɗakina ya koma da kayansa, goron ya raba a mota.

Abin da ya ba ni mamaki a mulkin da ya biyo shi ne yadda gwamnati ta ƙara shiga masallaci. A 1974 ɗin aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, da rassa har ƙananan hukumomi, wa'azi ya koma sai da izini. Baba ya ƙi karɓar kati, ya ce shi ya tsufa da shiga jam'iyya. Daga baya, bayan taron ƙasa na 1991, aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyoyin addini a kan yadda za a rubuta matsayin addini a tsarin mulki, har aka zo tsarin 2010, wanda ya raba gwamnati da addini amma ya sa shugaba ya rantse da Littafin addininsa. Diori bai rantse da Alƙur'ani bisa tilascin doka ba, mu kuma mun ga waɗanda suka rantse.

Janar Ali Saibou ne ya sake shi a 1987, bayan rasuwar Kountché. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilun 1989, cikin watan azumi. Na je gida a makon. Baba ya tsufa ƙwarai, ba ya fita sai masallacin ƙofar gida. Bayan an sha ruwa Kawu ya zo da sandarsa, ya zauna, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Malam, ina so ka ja mu mu yi wa Alhaji Diori sallar gawa daga nan."

Baba ya ce, "A mazhabarmu ba a sallatar gawar da ba ta gabanka. Ka sani, a zauren nan ka ji shi."

"To shi ke nan, haka za mu bar shi?"

"Wa ya ce a bar shi? Musulmi ya rasu cikin azumi, a ƙasar mutane. Ka sa a yi ƙosai da kunu gobe, a kira yara su yi masa Ƙulhuwallahu, ni zan yi addu'a."

Kawu ya ce ya ji. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Malam, ka yafe masa na bayanka?"

"Wannan tun tuni. Na gyaɗa da na hatsi kuwa ba nawa ba ne ni kaɗai, sai ka bi gari ka tambaya. Kuma waken ƙosan daga rumbunka za a ɗebo, kai ne ɗan kwamiti."